Goge a Kiɗan Sakara

Sakara wani kiɗa ne na Musulmin Yarabawa wanda ya bunƙasa a Ikko wajen shekarun 1930 a hannun Abibu Oluwa, kuma jigonsa shi ne gogen nan na Arewa, mai ƙoƙo rufe da fatar guza da tsirkiyar izgar doki, wanda Yarabawa ke kira goje. Duk Bahaushen Agege da ya saurari mawaƙin sakara Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, zai ji kukan gogen yana bin muryar mawaƙi sannu a hankali bisa amon ganga mai bakin yumɓu, alhali kuwa lafazin baƙo ne gare shi.