Daga Kuɗin Rafi Zuwa Harajin Lemo

'Yan uwa, harajin zaƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tun kafin zuwan Turawa, manoman fadama suna biyan kuɗin rafi, rake kuwa yana cikin amfanin da ake biya wa. Sai dai wancan haraji baitulmali ya dafa, ba ruwansa da lafiyar baki.

A wancan zamani zaƙi abin marmari ne. Zuma da nakiya da alkaki sai biki ko salla. Mazarƙwaila, wadda ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita, gutsura ake yi. Asuwaki kuma yana hannun kowa. Lemon kwalba ya zo daga baya: a 1953 aka fara ɗura Coca-Cola a Legas. Yau ko a Ƙofar Kuyambana da wuya mu wuce shago ba mu ga katan-katan ɗin lemo a jibge ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna mayar da sukari ruwa mai tsami, tsamin nan shi ke cinye ɓawon haƙori har ya yi kogo. Yawan kurɓa a kai a kai ya fi ɓarna, don haƙori ba ya samun hutu.

Meziko ta sa wa lemo haraji a 2014. Birtaniya ta bi a 2018, amma ta ɗaura shi da yawan sukarin da ke cikin kwalba, dole kamfanoni suka rage. Bincike a Ingila ya nuna kwantar da yara a asibiti don cire ruɓaɓɓen haƙori ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100.

Mu kuwa, Dokar Kuɗi ta 2021 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta ɗora naira 10 kan kowace lita, ko sukarin ya yi yawa ko kaɗan. Naira biyar ke nan a kan rabin lita, wadda tsadar rayuwa ta shafe. Harajin kuma bai san zoɓon da ake ƙullawa a leda ba, bai san cokulan mai shayi ba.

Saboda haka harajinmu ya fi kama da kuɗin rafi: yana tara kuɗi, bai sauya abin da ke shiga bakin yaro ba. Kafin a gyara shi, tsaron haƙoran yaranmu yana hannun mai ba su kuɗin tara.