Makawo: tarihin da ido ke gani da wanda hannu ke taɓawa

Gabatarwa

Kowace shekara, in na zo kan darasin kalmomin aro, nakan rubuta wa ɗalibbaina kalmomi uku a allo: shayi, thé, chá. Ta farko tamu ce, ta biyu ta Faransanci, ta uku ta harshen Fotugal, kuma dukkansu daga ƙasar Sin suka fito. Tamu ta biyo hanyar tudu, daga bakin Farisawa zuwa na Larabawa, har ta iso gare mu. Ta Faransanci Turawan Holan ne suka ɗauko ta wajen ƴan kasuwar lardin Fujiyan masu cewa "te". Su kuwa Turawan Fotugal sun ji tasu ne a gaɓar kudancin Sin, inda mutanen Kanton ke cewa "ca". A wannan gaɓar ne suka zauna fiye da shekara 400, cikin wani ɗan gari da ake kira Makawo.

Waɗanda suka yi karatun Faransanci galibi da caca suka san sunan garin, tun daga fim ɗin Jean Delannoy mai suna Macao, l'enfer du jeu, wanda ya fito a shekara ta 1942. Sunan bai zo a banza ba. A shekara ta 2006 kuɗin da gidajen cacar Makawo suka samu ya zarce na babban titin caca na Las Vegas a Amurka, kuma a 2019 baƙi fiye da miliyon 39 suka shiga wannan yanki da faɗinsa a lokacin bai wuce murabba'in kilomita 33 ba. Amma a shekara ta 2005 hukumar Unesko ta saka tsohon birnin cikin jerin kayan gadon duniya. Wannan maƙala za ta bi baƙon da ya je don tsohon birnin, ta duba abin da zai gani, da abin da zai koya in ya yarda ya sa hannu.

Yadda garin ya kafu

Kafin Turawa su zo, masunta da matuƙan jirage ne ke zaune a wurin. Suna da ɗakin bauta na A-Ma, wadda suka ɗauka uwar masu tafiya kan teku, kuma ana danganta gininsa da shekara ta 1488. Mafi yawan masana na ganin daga sunan mashigin ruwan A-Ma ne Turawa suka samo kalmar Makawo. Jorge Álvares ya iso bakin wannan kogi a 1513, amma sai wajen 1557 ne hukumomin daular Ming suka bar ƴan kasuwar Fotugal suka kafa mazauni. Zaman haya ne suka yi: kowace shekara suna biyan awo 500 na azurfa, kimanin kilo 19, ƙasa kuwa tana hannun sarkin Sin.

Arzikin garin ya fito ne daga dillanci. A lokacin Sin ta hana mutanenta ciniki kai tsaye da Japon, sai jiragen Fotugal suka shiga tsakani, suna kai siliki Nagasaki suna dawowa da azurfa. Hanyar ta haɗa Lizbon da Mozambik da Gowa ta Indiya da Malaka, kuma daga kowane zango jiragen kan kwaso mutane: matuƙa, bayi, da matan da Turawan suka aura. A 1639 Japon ta rufe ƙofarta ga Fotugal, ciniki ya karye. Bayan Ingila ta kama Hong Kong a 1841, manyan jirage suka koma can. A 1849 gwamna Ferreira do Amaral ya kori ƴan duwan na Sin, aka daina biyan haya, shi kuma aka kashe shi a shekarar. A tsakiyar wannan ƙarni ne aka halatta caca don cike giɓin baitulmali, aka kuma yi mummunan cinikin nan na jigilar Sinawa leburori zuwa Kuba da Peru har zuwa 1874. Yarjejeniyar 1887 ta tabbatar wa Fotugal riƙon garin, sa'an nan ranar 20 ga Disamba 1999 ya koma hannun Sin.

Abin da ido ke gani

Mafi yawan baƙi daga dandalin Senado suke farawa. Ƙasan dandalin an shimfiɗe shi da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe masu zanen igiyar ruwa, irin na titunan Lizbon. A gefe ga ginin majalisar gari na 1784, ga kuma gidan jinƙai da aka kafa ƙungiyarsa tun 1569. Wanda ya tsaya nan zai ce wani yanki ne na Fotugal aka ɗauko aka dasa. Sai dai shimfiɗar duwatsun ba tsohuwa ba ce: a farkon shekarun 1990 aka yi ta, lokacin da Turawan ke shirin tafiya suna son barin alamarsu.

Daga nan ƴar siririyar hanya ke hawa zuwa kangon majami'ar São Paulo, wadda aka gina tsakanin 1602 da 1640, gobara ta cinye ta a 1835, fuskarta ta dutse kaɗai ta rage bisa matakala 68. Daga nesa ginin Turawa ne. In mutum ya matsa kusa sai ya ga zakuna irin na Sin, da rubutun Sinanci, da furannin da Japanawa da Sinawa suke alfahari da su, duka a sassaƙe tsakanin siffofin addinin Kirista. Dalili kuwa shi ne, ko da yake limaman ɗariƙar Jezuwit ne suka tsara ginin, masu riƙe da guduma Sinawa ne da Kiristocin Japon da suka gudo daga tsanantawar da ake yi musu a gida. A makarantar da ke jikin majami'ar, wadda ta zama kwaleji a 1594, limamai ke koyon Sinanci kafin su shiga cikin ƙasa. Matteo Ricci ma ta Makawo ya bi a 1582.

Dab da kangon akwai ɗan ɗakin bautar Na Tcha na 1888, da guntun tsohuwar ganuwar gari. Maginin ƙasa daga Maraɗi ko Tawa zai daɗe a gaban wannan ganuwa, domin an yi ta ne da yumɓu da yashi da ƙaiƙayin shinkafa da tsakuwa da dakakken ɓawon kawa ta teku, ana zubawa ana daɓewa hawa-hawa. A bisa tudun da ke kusa ga sansanin Monte. Daga nan ne aka harba igwa ranar 24 ga Yuni 1622, sa'ad da Turawan Holan suka kawo hari. Masu kare garin ba su da yawa, kuma cikin waɗanda suka kora maharan har bakin teku akwai bayi ƴan Afirka, waɗanda aka ƴanta da dama daga cikinsu bayan nasara. Babu sunan ko ɗayansu a jikin dutse. Tun 1998 gidan adana kayan tarihi na Makawo yana cikin wannan sansani.

Abin da hannu ke koyo

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. A Makawo kuwa ana iya ƙarawa da cewa yi ya kori gani. Ƙungiyoyi da shaguna da gidajen tarihi suna shirya wa baƙi ɗan gajeren zaman koyon sana'a, kuma kowace sana'a tana da nata labari.

Ta farko ita ce zanen karo, wato falon gasasshen yumɓu mai fari da shuɗi da ake liƙawa a bango. Da shi ake rubuta sunayen titunan garin, cikin Sinanci da harshen Fotugal. Ana ba baƙo farin karo da ɗan buroshi, ya zana, a gasa masa. Sunan abin a harshen Fotugal azulejo, kuma daga Larabci yake, daga kalmar azzulaij, domin Musulmin Andalus ne suka shigo da sana'ar yankin. Launin fari da shuɗi kuwa ya yaɗu a Fotugal ne a ƙarni na 17, saboda sha'awar tangaran ɗin Sin da jirage ke kawowa. Ke nan wanda ya riƙe buroshin yana maido wa Sin launinta ne bayan ya zaga duniya.

Ta biyu ita ce biskitin amandi. Ana kwaɓa garin wani ɗan wake tsanwa da sukari da mai da ƙwayar amandi, a danna shi da babban yatsa cikin mazubin katako da aka sassaƙa, a buga mazubin a tebur ya faɗo, a gasa bisa gawayi. In an danna da ƙarfi ya yi tauri, in an sassauta ya wargaje, kuma babu littafin da ke koyar da wannan awo sai hannu. Akwai kuma wainar ƙwai da kowa ke kira ta Fotugal. Asalinta na Lizbon ne, amma wadda ta yi suna a Makawo wani Bature ɗan Ingila, Andrew Stow, ne ya fara sayar da ita a tsibirin Coloane a 1989. Musulmin da ya je ya kyautu ya tambayi irin man da aka sa, don wasu masu gashin suna amfani da kitsen alade.

Ta uku ita ce girkin Makanawa, wato zuriyar auratayyar Turawan Fotugal da matan Malaka da Indiya da Japon da Sin. A darasin girki ana koyon minchi, niƙaƙƙen nama da soyayyen dankalin Turawa da ruwan waken suya, da kuma "kazar Afirka" mai barkono da kwakwa da gyaɗa, wadda ta bayyana a tsakiyar ƙarni na 20. Akwai wani daddawan jatan lande da suke kira balichão, wanda sunansa daga harshen Malai yake. Hanyar jiragen nan da muka ambata, ga ta cikin tukunya guda. A 2017 Unesko ta saka Makawo cikin biranen da suka shahara da girki.

Sauran sana'o'in kuwa sai dai a ga wurarensu. A ƙarni na 20 dubban iyalai sun rayu da yin ashana da turaren tsinke da kayan wasan wuta na bukukuwa. Tsohuwar masana'antar wasan wuta ta Iec Long a Taipa an buɗe ta ga masu ziyara a 2022, wuraren ƙera jiragen katako na Lai Chi Vun kuma a 2023. An gyara rumfunan, amma babu mai sassaƙa jirgin kamun kifi a cikinsu.

Harshen da ke shirin tafiya

A nan ne malamin harshe zai tsaya ya yi tunani. Makanawa suna da harshensu, Patuá, wanda ya haɗa kalmomin Fotugal da na Malai da na Kanton da na Indiya. A harshen ana ninka suna don a nuna jam'i, kamar yadda Malai ke yi. Harshen gida ne, na iyaye mata da kakanni. Makarantar zamanin mulkin Fotugal ta ɗauke shi gurɓataccen yare, iyaye suka hana ƴaƴansu yin sa don su samu aikin gwamnati, wasu iyalan kuma suka yi ƙaura zuwa Hong Kong da Brazil da Amurka. Ƙididdigar da Unesko ta dogara da ita ta nuna masu jin sa kimanin 50 ne a shekara ta 2000.

Marubuci José dos Santos Ferreira, wanda aka fi sani da Adé, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta waƙoƙi da wasanni cikin harshen, ya rasu a 1993. A shekarar aka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Dóci Papiaçám di Macau, wadda ke nuna wasan barkwanci cikin Patuá a bikin fasaha na garin, ana haska fassara don ƴan kallo. A 2021 gwamnatin Sin ta saka wannan wasa da girkin Makanawa cikin jerin al'adun ƙasa da ake karewa. Matasan da ke hawa dandamali suna haddace harshen da kakanninsu suka yi mafarki da shi. Ƙoƙari ne abin yabo, amma harshen da ya bar murhu ya koma dandamali ya riga ya yi nisa.

Kammalawa

Bai kamata a ɗauki zaman koyo na ɗan lokaci a matsayin gadon sana'a ba. Baƙon da ya zana karo ɗaya bai zama gwani ba, kuma wani lokaci abin da ake sayar masa da sunan tsohuwar al'ada bai kai shekara 40 ba. Duk da haka, wanda ya danna gari cikin mazubi yakan fita da tambayar da mai ɗaukar hoto ba ya yi: wane ne ya fara yin wannan, daga ina ya zo, wa ya koya wa? Amsar wannan tambaya ita ce ke fito da masassaƙin Japon da baiwar Malaka da bawan Mozambik, waɗanda allunan tarihi suka manta.

Mu ma muna da abin da ke cikin wannan jeri na duniya. Tsohon birnin Agadas ya shiga a 2013 da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, Birnin Damagaram kuma yana jerin jira tun 2006. Idan malamai da ƙungiyoyin al'adu suka kai ɗalibbai ziyara, ya dace a nemi magini ya zo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kowane yaro ya murza tubali guda, ya kuma rubuta sunan kowane kayan aiki kamar yadda maginin ya faɗe shi. Bango in ya tsage ana iya yaɓe shi muddin akwai mai yaɓen. Makawo ta samu kuɗin gyara kowane gini nata, amma kuɗin bai dawo mata da tsofaffin da ke hira cikin Patuá ba.