Zanen CAO: abin da ɗalibi zai koya kafin gasar mutum-mutumi

CAO, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira CAD, shi ne zana abu a kwamfuta da awonsa cif-cif kafin a ƙera shi. Masu shiga gasa irin FIRST Global, wadda aka fara a Washinton a 2017 don matasa ƴan shekara 14 zuwa 18, sukan zana taya da gangar jikin mutum-mutumin, su gwada haɗuwarsu a allo. Kuskuren milimita ɗaya kan hana ƙusa shiga raminta, kuma gara a gano shi nan da a ɓata ƙarfe.

Tinkercad ta fi sauƙi ga ɗan koyo, kyauta ce, amma sai da intanet. Onshape ma haka. A nan Gaya mun fi ba da shawarar FreeCAD: sau ɗaya ake sauke ta, tana aiki ko babu reso, kuma akwai ta da Faransanci. Farkonta dai da wuya, sai an daure.

Ƴan'uwa na Kwatano da Legas masu son taimakon yaran gida, wayar salula ba ta isa wannan aiki ba. Kwamfutar hannu ake so, ko tsohuwa ce, a haɗo da linzaminta mai ɗan taya a tsakiya, don da shi ake kusanto zane da nisanta shi.