ɗigṑ

ɗigṑ sn., nmj., jam. ɗìge-ɗìge.

1. Ƙwaya guda ta abu mai ruwa-ruwa da ke faɗowa: ɗigon jini, ɗigon magani.
2. Faɗowar ruwa ɗaya bayan ɗaya: indararo yana ɗigo.
3. Alama a rubutu: ɗigon harafin ba na ajami, biyu ɗigo biyar (2.5).
4. Ɗan kaɗan: babu ɗigon tausayi a zuciyarsa.

Dangi: ɗìga aik., ruwa ya ɗiga, ɗigā̀ aik., ta ɗiga masa magani a ido.

Bayani: ɗigo daban, yoyo daban. Gaskiya ne ana cewa rufi yana ɗigo, ana kuma cewa yana yoyo. Amma yoyo aibin mazubi ne, ɗigo kuwa yanayin faɗowar ruwan. Shi ya sa likita ke ƙirga ɗigon magani, ba a ƙirga yoyo.