Zango a Bakin Teku: Tarihin Hausawa a Birnin Akara

Akara, wanda Hausawan da suke kira Ankara, shi ne babban birnin ƙasar Gana. Yana bakin Tekun Atlantika, a kan wani fili shimfiɗaɗɗe, duwatsun Akwapim kuma suna daga arewacinsa. Kogin Odaw ya ratsa birnin, ya zuba a tafkin Korle, daga nan ruwan ya shiga teku. Saboda ƙasar kwari ce, ambaliya takan yi ɓarna da damina. A ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobara a wani gidan mai sun hallaka mutane fiye da 150.

Masu garin na asali su ne mutanen Ga, waɗanda yawancinsu masunta ne da manoma. A ƙarni na 17 Turawa suka gina ganuwoyi uku a gaɓar tekun: ta Holan, da ta Denmak, da ta Ingila. A shekarar 1877 Ingilishi suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast suka maido ta Akara.

Yadda Hausawa suka zo

Goro ne ya fara jawo Hausawa zuwa wannan yanki. Fatake daga Kano da Katsina sukan yi tafiyar watanni zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Inda ayari ya sauka ya kwana, shi ake kira zango. Da wasu fatake suka zauna suka yi iyali, sai kalmar ta koma nufin unguwar baƙi Musulmi. Mutanen Gana suna furta ta "zongo".

Hanya ta biyu ita ce aikin soja. A yaƙin 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo mayaƙa masu jin Hausa daga Ikko don su yaƙi Asante. Bayan yaƙin wasunsu suka zauna a Akara. Faɗuwar Kumasi a 1874 ta raunana kasuwar Salaga, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. Daga nan goro ya riƙa bin jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko, Hausawa kuwa suka bi cinikinsu zuwa bakin teku.

Daga Zangon Malam zuwa Nima

Wani malami Bakatsine, Malam Naino, shi ne ya nemi fili a hannun sarakunan Ga wajen shekarar 1881, aka kafa unguwar da ake kira Zangon Malam a tsakiyar gari. Unguwar ta cika da Hausawa da Yarabawa da Fulani da Barebari, aka kuma yi ta saɓani a kan limanci da shugabanci. A 1908 annoba ta ɓarke a Akara, hukuma ta rushe gidaje da yawa a unguwanni masu cunkoso. A 1912 Malam Baƙo, ɗan Malam Naino, ya tashi da jama'arsa zuwa yamma da tafkin Korle, ya kafa Sabon Zango.

Nima kuwa ta samu ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai cinikin shanu, ya sami fili daga wani gidan Ga na Osu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu barikokin soja da ke kusa suka jawo masu neman aiki daga arewacin Gana da Nijar da Mali da Burkina Faso ta yanzu. Nima ta cika har ta tumbatsa zuwa Maamobi. Zabarmawa, Mosi, Dagomba, Kotokoli, kowa da harshensa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci.

Baƙi ko 'yan gari?

Wannan tambaya ta daɗe tana bin mutanen zango. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka fita, har da waɗanda aka haifa a Akara, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Waɗanda suka rage sun daɗe suna fama da ƙarancin makarantu da magudanan ruwa. A 2017 majalisar dokoki ta kafa asusu na musamman don raya zangunan ƙasar. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Akara, wanda aka naɗa Babban Limamin Ƙasa a 1993, ya sami girmamawar Musulmi da Kirista baki ɗaya. A 2021 kuma aka buɗe Masallacin Ƙasa a Kanda, dab da Nima, wanda aka gina da taimakon Turkiyya.

Harshe da abinci

Hausar Gana, wadda ake kira Gananci, ta sha bamban da ta Kano. Masu magana da yawa ba sa bambanta jinsi, sai ka ji an ce "yarinya ya zo". Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma b da d da k. Sautin "ky" kuma yakan koma "c", alal misali "kyau" ya zama "cau". Wannan ba abin mamaki ba ne ga harshen da yawancin masu amfani da shi suka koye shi a matsayin harshe na biyu.

A wajen abinci ne aka fi ganin tasirin zango. "Waakye", abincin safe da ya fi shahara a Akara, sunansa daga kalmar wake ya fito. Shinkafa da wake ne ake dafawa da karan dafi don su yi ja, a ci da taliya da gari da dafaffen ƙwai da shito, wato soyayyen yaji na mutanen Ga. Kokon gero mai citta da kanumfari, "Hausa koko" ake kiransa, ana shan sa da ƙosai. Tuwon zafi da miyar ayoyo ya shiga gidajen abinci na gari duka. Da yamma kuma masu tsire sukan hura wuta a bakin titi.

A taƙaice, mutanen da suka zo neman goro sun bar wa Akara unguwanni da karin harshe da abinci. Ɗalibin Hausa da ya tsaya a Kano da Sakkwato kaɗai bai ga iyakar harshen ba, sai ya saurari yadda ake ciniki a kasuwar Nima.