Mizanin Alƙalan Gasar Raya Ƙasa a Kwarin Rima

Tun kafin a san lambar yabo ko kwamitin alƙalai, malaman ƙasar nan suna da mizaninsu na gane wanda ya raya ƙasa, gama babin raya mataccen wuri sananne ne a fiƙihun Malikiyya, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe masa littafi guda mai suna Ta'alimur Radi. Abin da fuƙaha'u suka lissafa duk aiki ne wanda ido ke gani, kamar tonon rijiya, da janye ruwa daga inda ya kwanta, da dasa itace; sa'an nan suka ƙara wani sharaɗi mai nauyi, wato idan alamun aikin suka shafe, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya sake rayawa, to, haƙƙin na farko ya faɗi.

Mu ma'aikatan gandun daji ba wannan mizani aka miƙa mana ba. Abin da muka tarar shi ne na nunin amfanin gona irin na zamanin En'e, inda alƙali kan zaga rumfuna a yini guda, ya ɗaga albasa ya ji nauyinta, ya shafa bayan rago, kafin la'asar an san wanda ya ci. Da farin 1973 ya tayar da hankalin hukuma, aka shiga dashen itatuwa gadan-gadan a jihohin da ke bakin hamada, har ya zama kowace damina akwai bikin dashe da gasa tsakanin makarantu da gundumomi, sai aka ɗauko ma'aunin yini guda aka ɗora a kan abin da ba ya nuna gaskiyarsa sai bayan shekaru. Takardar da akan ba alƙali tambayoyinta kaɗan ne: dashe nawa aka karɓo daga wurin reno, layukan sun miƙe ko sun karkace, an yi shinge, an kafa allo? Zagayen kuwa a tsakiyar damina akan yi shi, lokacin da ko tsaunin da ba a taɓa ba kore ne shar.

Ba na son a yi wa mutanen wancan zamani rashin adalci, domin suna da uzurinsu. Adadi hujja ce wadda ba a jayayya da ita, kuma duk wanda ya taɓa zama tsakanin wakilan Wurno da na Rabah da na Goronyo, kowa na ganin darajar garinsu ce a kan faifai, ya san ƙimar hukuncin da za a iya karantawa a gaban jama'a ba tare da an ce an yi son kai ba. Illa iyaka adadin ya ɓoye abubuwa biyu. Na farko, kafin bazara ta fita, awaki da gara da ƙishirwa sun raba dashen a tsakaninsu, ga kuma allon tsaye. Na biyu, wanda ya fi ciwo, darbejiya da turare kaɗai ke shiga lissafi, tun da su aka raba. Gawo da aduwa da kalgon da suka tsiro da kansu a gona ba su da gurbi a takarda, bal ma manomi kan sare tohonsu tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zama abin da malamin daji zai ci shi tara a kansa.

Gyara na farko ya zo ne a shekarun 1980, tare da kuɗin Bankin Duniya da na Turai, waɗanda masu su suka ce a koma a ƙirga abin da ya rayu bayan rani. An kuma yi ta kai mutane ganin layukan darbejiya na kwarin Majiya, can ƙetaren iyaka, waɗanda aka fara a 1975, inda aka auna hatsin da gona ta bayar a bayan kariyar iska, wanda shi ne abin da ya dami mai gonar tun farko.

Gyara na biyu ba daga dawa ya fito ba, daga madatsun ruwa ne. An kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, da ikon riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 942, kuma duk mai auna aiki da girmansa ba zai rasa abin yabo a nan ba, ga alkama da shinkafa da albasa da tafarnuwa na rani shaida. Amma jinin da aka zubar a madatsar Bakolori a 1980, sa'ad da manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyyarsu, ya riga ya koya wa kowa cewa akwai tambayar da siminti ba ya amsawa: wa ya amfana, wa aka tayar, me ya sami mai fadamar da ke ƙasa da madatsa, da masunci, da makiyayin da aka toshe wa burtali? Ambaliyar 2010 ta sake tuna mana ita. Daga nan maslahar jama'a ta fara samun maki nata, ko da yake sau da yawa sa hannun mai gari kaɗai akan karɓa a madadin muryar gari duka.

Abin da ya rushe tsohon mizanin gaba ɗaya kuwa a Maraɗi ya faru. A 1983 wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, sai ya shiga jan hankalin manoma su bar toho kaɗan a kowane kututture su riƙa gyara shi, abin da mutanen can ke kira sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da ɗoriya hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma sai a 2018 aka ba shi lambar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, a shekara guda da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso mai gyaran ƙasa da ramukan taki. Da takardarmu ta dā aka auna su, da manoman Maraɗi ba su sami ko maki ɗaya ba, alhali Gulbin Maraɗi cikin Rima yake zuba, kuma ƙasar da saiwoyin itatuwansu suka riƙe tana cikin wadda da ta gangaro ta cike mana madatsa.

Yau, da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da aka kafa a 2015 da sauran shirye-shirye, takardar alƙali ta yi kauri, ta ƙunshi ɗorewa da rabon mata da yiwuwar kwaikwayo a wani wuri, duk kuwa sharuɗɗa ne na ƙwarai. Abin da nake jin tsoro shi ne lambar ta koma hannun wanda ya fi iya rubuta Turanci, musamman da rashin tsaro ya hana alƙalai shiga ƙauyukan gabashin Sakkwato, suna yanke hukunci a kan hoto da rahoto, wato shaidar ji, wadda malamai ba su karɓa sai a wurare ƙididdigaggu. A ganina, kada a duba aikin da bai cika shekara biyar ba. A je masa a watan Afrilu, ba sanarwa. Kuma inda hanya ba ta biyuwa, a ɗage hukunci, ko a wakilta adilai biyu na yankin waɗanda ba su da rabo cikin kyautar, su tambayi mata masu neman itacen girki da makiyayan da ke ratsa wurin: itacen nan na wane ne, kuma wa ke da izinin sare reshensa?