Tarihin Gurbin Nau'i da Iyakokinsa a Shirya Manhaja

Gurbin nau'i harafi ne, galibi T, da mai rubuta manhaja ke ajiyewa a inda bai riga ya yanke irin bayanan da za su shiga ba. Ta haka umarni guda zai yi wa jerin lambobi aiki, ya kuma yi wa jerin sunaye. Iyaka kuwa sharaɗi ne da ake gindaya wa gurbin. Umarnin da ke jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, alal misali, ba ya karɓar kowane nau'i sai wanda za a iya gwada ɗayansa da ɗaya.

Asalin gurbin ba abin gardama ba ne. Christopher Strachey ya fayyace tunanin a laccocinsa na 1967, Jean-Yves Girard da John Reynolds suka ba shi tushen lissafi a farkon shekarun 1970, kowa da kansa, sannan yaren ML na Robin Milner ya shigar da shi cikin aiki. Sai dai gurbin wancan lokaci buɗe yake, ba ya tambayar komai game da abin da zai cike shi.

A kan iyaka ne ruwayoyi suka rabu. An saba jingina ta ga maƙalar Luca Cardelli da Peter Wegner ta 1985, wadda ta ce nau'in da zai cike gurbi dole ya kasance reshen wani nau'in da aka ambata. Wannan gaskiya ne a fagen nazari, amma ya danne haƙƙin Barbara Liskov da ɗalibanta a MIT. Tun tsakiyar shekarun 1970 yarensu CLU yana da kalmar where, wadda da ita ake lissafa ayyukan da nau'i zai iya kafin a karɓe shi. Yaren Ada, wanda aka daidaita a 1983, ya bi hanya mai kama da wannan. Ashe zuriya biyu ce: ɗaya tana tambayar me nau'in zai iya, ɗayar tana tambayar daga wa ya fito.

Shekarar 1989 ta ciyar da kowacce gaba. A zuriyar farko, Philip Wadler da Stephen Blott suka gabatar da azuzuwan nau'i, waɗanda yaren Haskell ya ɗauka. Canning, Cook, Hill, Olthoff da Mitchell kuma suka toshe wata kafa a tsarin Cardelli da Wegner, wato yadda za a ce nau'i ya gwadu da irinsa kaɗai, suka yarda gurbin ya bayyana cikin iyakar kansa. Wannan ne tushen rubutun T extends Comparable<T> da ɗalibin Java ke haddacewa tun bai gane dalilinsa ba. A 1992 Benjamin Pierce ya tabbatar cewa a cikakken tsarin iyakar reshe babu hanyar binciken da ke da tabbacin ƙarewa kullum, abin da ya sa masu ƙirƙirar yaruka ke taka-tsantsan da shi.

Java ta sami gurbi mai iyaka a 2004 ta hanyar aikin GJ na 1998, C# ta biyo a 2005 da where ɗinta. C++ ta daɗe da gurbi ba iyaka a rubuce. An cire shirin ƙara ta a 2009, sai a C++20 ta shigo. Python ta kawo nata gurbin mai suna TypeVar a 2015, Go kuwa sai a watan Maris na 2022.